Zugazugin Gidan Datti

Maƙera ɗaya ce tak a ƙauyen nan da ke gefen Saulawa, cikin ƙasar Ikara, kuma ta Datti ce. Kakansa ne ya kafa ta, tun zamanin da ake haƙo tama a bayan gari ana narkawa. Ubansa ya gada, shi ma ya gada. Duk fartanya da lauje da garmar da ke ƙauyen daga gidan nan suka fito. In an yi girbi, kowane magidanci yakan aiko da daminsa na dawa ko gero, da shi gidan ke ci har wata shekara. Datti ba ya fahariya da wannan. Yana ganin abin da kowa ya sani ba ya bukatar a faɗa.

Su biyu ne a maƙerar. Datti ke riƙe da masaba da awartaki, ƙanensa Tukur ke zaune a bayan zugazugi. Haka suke tun gemu bai fito musu ba, har ga shi ya yi fari.

Wanda bai saba shiga maƙera ba yana zaton masaba ce ƙira. Ba ita ba ce. Gawayi in an bar shi da kansa, ja zai yi ya tsaya nan. Zai gasa masara, ba zai haɗa ƙarfe da ƙarfe ba. Iska ce ke kai shi inda zai yi fari fat, har ido ya kasa kallonsa, kuma zugazugi ke kawo iskar. Fatun akuya ne guda biyu. Kowace zare ta ake yi daga jikin dabbar ɗungurungum, yadda mutum ke tuɓe riga, wuƙa ba ta taɓa cikin ba. A ɗaure ƙafafun, a jeme da bagaruwa, a shafe da man kaɗe. Wuyan a ɗaura shi a bututun da ke shiga bakin wuta. Ta baya a bar baki, a ɗinka masa 'yan itatuwa biyu. Mai zuga ya ɗaga ya buɗe hannu, fata ta sha iska. Ya matse hannu ya danna, iska ta bi ta cikin gawayi. Dama na sauka, hagu na tashi. Shi ya sa sai biyu, kuma sai girmansu ya zo ɗaya, in ba haka ba wuta ta riƙa yankewa.

Tukur mutum ne mai baki. Yakan ce wa manoman da ke jiran aiki, wai asalin zugazugi wani malalacin falke ne ya kasa hura wuta, ya gaji, ya faɗa zaune a kan salkar ruwansa da ta ƙare, salka ta saki iska a kan wutar, wuta ta tashi. Wai tun daga ranar malalata suka samu sana'a. Mutane su yi ta dariya. Datti ba ya dariya. Sai ya ce, "Ƙarya ce. Zuga."

A 'yan shekarun farko bayan Turawa sun miƙa mulki, abubuwa biyu suka haɗu a kan maƙerar. Na farko, an daɗe da daina narka tama. Ƙarfen da ake samu yanzu guntayen sifirin mota ne da ake kawowa daga Zariya, kuma wannan ƙarfe ya fi na da taurin kai, sai wuta ta kai wuta yake ji. Na biyu, zugazugin gidan ya tsufa. Na ubansu ne. An yi masa faci, an yi wa facin faci, har babu inda allura za ta kama. In manomi na zaune, Tukur yakan danne wurin da ke yoyon iska da gwiwarsa, ya ɗaga murya da labari don kada a ji. Amma ƙarfe ba ya sauraron labari. Daminar da ta wuce, garemani da dama da suka gyara sun ɓalle a gona, daidai wurin haɗin. Mutane ba su ce wa Datti komai ba. Sun dai ce wa juna.

Maganin a fili yake, sabon zugazugi. Sai dai annobar awaki ta share ƙasar a shekarun baya, daga Malikanchi har Dandamisa, abin da ya rage ƙanana ne ramammu, fatarsu ba ta isa jakar taba ba balle zugazugi. Akuya ɗaya ta tsira a gidan, ta Indo matar Datti. Da ta haifi tagwaye maza jajaye, Tukur ya karɓe su, ya sa aka dandaƙe su, ya ɗaure su a gindin rumbu. Harawa da dusa da kanwa ba su yanke musu ba. Bai taɓa barin su sun bi garke ba, don kada ƙaya ta karce musu fata. Mutane suna yi masa ba'a, wai Tukur ya yi amare biyu ya saka su a kulle. Shi kuma ya ce ai sun fi matan wasu tsabta. Abin da ake kiwon su dominsa, mutum huɗu suka sani: Datti, Tukur, Indo, sai Ɗan'azumi mahauci, wanda shi kaɗai a wajen ya iya zare fata ba tsaga.

Da bazara ta kama, taure biyun nan sun cika sun yi ɓul-ɓul, kai ɗaya.

A cikin kwanakin ne Mamuda ya shigo maƙerar da hantsi. Mamuda shi ne mai unguwa, kuma taubashin Datti ne, ɗan ƙanwar ubansa. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da an ci mutuncin wani ba.

Ya sunkuyo ta ƙofa ya ce, "Sannu da aiki, tsohon maƙeri. Ko in ce sannu da hayaƙi, don ban ga aikin ba."

Datti bai ɗago ba. Ya ce, "Tukur, ɓoye awartaki. Ɓarawon kaji ya shigo."

"Kajin wa zan sata a gidan da ko zakara yunwa ta hana shi cara?"

Tukur ya tura masa kututture ya zauna. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi. Mamuda ya kalli wutar, sannan ya ce, "Datti, ba wasa ya kawo ni ba. Akwai wani maƙeri daga Kudan, sunansa Musa. Ya zo wurina sau biyu yana neman fili ya kafa rumfa. Mutane suna bayansa."

"Waɗanne mutane?"

"Waɗanda garmarsu ta karye bara."

"Wanda bai iya riƙon garma ba, ko ta zinariya ce sai ya karya ta."

"Tawa na ciki."

"Na sani. Da kai nake."

Mamuda ya yi murmushi kaɗan, ya ce, "Na ce masa ya dakata. Amma ka san ƙauyen nan ba zai ciyar da maƙera biyu ba, kuma ba zai yi damina babu ko ɗaya ba. In ruwa ya sauka garemanin mutane na jingine a bangonka, ba ni da bakin hana shi." Ya dubi wajen Tukur. "Zugazugin nan naka lafiya kuwa? Kamar ina jin yana huci."

Datti ya ce, "Ya fi ƙirjinka lafiya. Tashi ka ba ni wuri."

Da Mamuda ya fita, Tukur ya ɗauke gwiwarsa daga kan facin. Ya ce, "Yaya, a yanka su cikin makon nan. In majemin Ikara ya yi hanzari, za mu riga ruwa."

Datti ya ce, "A yanka."

Ba a yanka ba. Washegari Tukur ya tashi da ciwon kai. Kafin yamma wuyansa ya sandare. Sanƙarau ne, shekarar ya ɗauki mutane da yawa a ƙasar. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi maganar neman mota zuwa Zariya. Kafin a samu motar, Tukur ya cika. Aka yi masa sutura aka kai shi.

Datti na da ɗa namiji guda ɗaya, shi ne ɗansa na fari, Awwalu. Sauran mata ne, suna gidajen aurensu. A gidan su Datti ana riƙe da kunyar ɗan fari yadda aka same ta. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna, Datti bai taɓa furta sunan ba. Bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa ce masa zo ko tafi ba. Indo ma haka, har ta fi. Da aka yaye shi, Tukur aka bai wa, shi ya raine shi, shi ya yi masa kaciya, shi ya yi masa aure. In Datti na da magana da yaron, sai ya faɗa wa Tukur. In yaron na da magana, ta wurin Tukur za ta bi. Da Awwalu ya ce zai tafi Kaduna aikin masaƙa, Tukur ne ya kawo maganar, Tukur ne ya mayar da amsa. Amsar ita ce, "Ya je." Abin da ke cikin ran Datti ba shi ke nan ba, amma shi ya faɗa.

Aka ba direban motar Zariya saƙo. Awwalu ya iso washegarin jana'iza, da wando da taguwa irin na ma'aikata, idonsa jawur. Ya durƙusa can nesa da tabarmar da ubansa ke zaman makoki, ya yi gaisuwa kansa a ƙasa. Datti ya amsa yana kallon yatsun ƙafarsa. Da Awwalu ya tashi ya juya baya, sai a lokacin ya dube shi. Ya ga faɗin kafaɗunsa. Kafaɗun mai masaba ne. Ya kawar da kai.

Da yamma Mamuda ya matso kusa ya ce, "Ɗanka na da magana. Ya ce Baffansa ne ya raine shi, bai samu jana'izarsa ba. Yana so a yanka taure biyun nan na Tukur gobe, a yi sadakar uku da su. Ya ce in ka yarda."

Datti ya yi tunani. Dama yanka su za a yi. Nama ya tafi ga sadakar Tukur, fata ta zo maƙera. Ko Tukur ne aka tambaya, abin da zai ce ke nan.

Ya ce, "A yanka. A kira Ɗan'azumi ya yi fiɗa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce a zare fatar ba tsaga ba. In ya faɗa, Mamuda zai tambayi dalili, ko ma ba zai tambaya ba, zai gane. Mai unguwa zai san zugazugin gidan Datti ya mutu, kuma shi Datti ya dube shi ya yi masa ƙarya. Ɗan'azumi ya riga ya san abin da zai yi. Datti ya ga ya isa.

Safiyar sadaka mutane suka cika ƙofar gida. Malamai sun zo daga Ikara, dangin matar Tukur sun zo daga Malikanchi, manoman ƙauye duk suna nan. Aka aika gidan Ɗan'azumi. Aka tarar ranar kasuwar Makarfi ce, ya yi sammako, ya bar saƙo a jira shi zuwa la'asar. Ba wanda ya ga ya kamata a dami mai makoki da wannan. Awwalu kuwa ya ga baƙi na nesa za su juya kafin la'asar, ba su ci sadakar Baffansa ba. Ya roƙi Liman ya yanka masa. Ya wasa wuƙa. Ya ciccibo taure biyun ya rataye su a reshen tsamiyar da ke fuskantar ƙofar gida.

A daidai lokacin ne babban malamin Ikara ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Kowa ya ɗaga. Datti ya ɗaga.

Ta saman tafin hannunsa ya hango tsamiyar. Ya ga taure biyu a rataye. Ya nemi Ɗan'azumi, bai gan shi ba. Ya ga ɗansa ya naɗe hannun taguwa, ya juyo da cikin na farko wajensa, ya ɗora tsinin wuƙa a ƙasan ƙirji.

Ba nisa. In ya ɗaga murya za a ji. Suna ɗaya kawai zai kira, hannun nan ya tsaya. Sunan ya zo masa har maƙogwaro. Shekara talatin da wani abu bai taɓa fitowa daga bakinsa ba, yanzu zai fito da ihu, a tsakiyar addu'ar ƙanensa, a gaban malamai da surukai. Za a juyo a dube shi. Daga nan sai ya faɗi dalili, a gaban duk manomin da garmarsa ta karye bara.

Malam ya ce, "Allah Ya yalwata kabarinsa."

Jama'a suka ce, "Amin."

Wuƙa ta sauka, tun daga ƙirji har ƙasa. Fata ta buɗe gida biyu.

Saura ɗaya. Datti ya ce a ransa, ɗaya ma wani abu ce, a nemo mata 'yar'uwa ko ƙarama ce. Malamin farko ya shafa, na biyu ya ɗauka ba tare da an sauke hannu ba. Mamuda na zaune a damansa. Datti ya zungure shi da gwiwar hannu. Mamuda ya waiwayo, ya ga fuskar taubashinsa ta canza. Tun rasuwar bai ga hawayen Datti ba, ya zaci yanzu ne abin ya zo masa. Ya dafa cinyarsa ya ce a hankali, "Haƙuri, Datti. Duk can za mu."

Datti ya buɗe baki. Na hagunsa manomi ne, na bayansa manomi ne. Ya rufe.

Awwalu mai hanzari ne. Kafin a shafa fatiha ya tsaga na biyun.

Aka dafa nama, aka yi tuwo, baƙi suka ci suka yi wa Awwalu albarka. Suka ce Tukur bai yi rainon banza ba. Da la'asar Ɗan'azumi ya dawo da wuƙaƙensa, ya ga fatu biyu an baje su a rana an kafe da tsinke. Ya tsaya ya dube su. Ya dubi Datti. Datti ya kafe shi da ido har ya sunkuyar da kai ya wuce.

Da mutane suka ragu, Datti ya shiga cikin gida alwala. Indo ta miƙo masa buta.

Ta ce, "Malam, ba ka gani ba ne?"

"Na gani."

"To?"

"Ke fa? A tsakar gidanki ya wasa wuƙar."

Ta ce, "Na ji. Na leƙo ma." Ta koma ɗaki.

Kafin Awwalu ya koma Kaduna, ya sake aiko Mamuda. Mamuda ya zo yana fara'a, ya ce, "Yaron nan na da hankali, ba kai ya biyo ba. Ya ce ya ga tabarmar da kake zama a maƙera ta mutu. Ya ce a jeme fatun nan, ɗaya ka riƙa zama a kai, ɗaya ka riƙa salla."

Datti ya ce, "Ka ce masa an gode."

Awwalu ya zo sallama, ya durƙusa a bayan zana. Ya ce zai tafi, an ba shi kwanaki kaɗan ne a wurin aiki. Datti ya ce, "To." Ya ji takun takalminsa har ya ɓace.

Washegari ya naɗe fatun ya saɓa, ya taka zuwa Ikara. Ya ba majemi. Da aka gama jima, ya kai wa wani baduku a bakin kasuwa, wanda bai san shi ba, ya ce ya ɗinke cikin kowace, ɗinki biyu-biyu.

Baduku ya juya fatar ya ce, "Baba, jaka za a yi?"

"Zugazugi."

"Ai ba a yi da tsagaggiya. Ko na ɗinka, iska za ta bi ramin allura."

"Ban tambaye ka ba. Ɗinka."

Ya ɗinka. Datti ya kawo gida, ya bi ɗinkin da ƙaro da kakin zuma, ya shafe da man kaɗe. Ya kwance tsohon zugazugin ya ɗauke bututun da itatuwan, ya ɗaura a sabon. Da ya kwance tsohon, fatar ta ruguje a hannunsa kamar busasshen ganye. Babu komawa gare shi.

Ruwan farko ya sauka. Garemani da fartanyu suka fara taruwa a jikin bangon maƙera. Datti ya ce wa masu su har yanzu yana juyayin rashin ƙanensa, su ba shi kwana biyu. Suka ba shi. Ruwa na biyu ya sauka, mai yawa, ƙasa ta jiƙu har ƙasa.

Mamuda ya zo da tasa garmar da kansa. Ya ce, "Tunda ba ka da mai zuga, ni zan zuga maka. Ka ga ranar da sarauta ta yi wa talaka bauta."

"Zauna. Dama abin da ya dace da kai ke nan."

Datti ya zuba gawayin ƙirya, wanda ya fi kowane, ya sa garwashi. Mamuda ya zura hannu ya fara. Wuta ta kama, ta yi ja. Datti ya tura ƙarfen ciki. Ya ce, "Ƙara." Mamuda ya ƙara. Ja ya koma ruwan ɗorawa. Datti ya tsuguna yana kallo, yana jiran farin. Sai ga wani siririn sauti daga ƙarƙashin fatar dama. Ta hagu ta amsa. Zafin maƙera ya narkar da kakin.

"Ƙara."

"Hannuna zai cire, Datti."

"Ƙara, na ce."

Wuta ta tsaya inda take. Datti ya san ba ta kai ba. Duk da haka ya zaro ƙarfen, ya ɗora a uwar maƙera, ya haɗa bakin biyu, ya sauke masaba da duk ƙarfin da ya rage masa. Ya buga, ya buga. Da ya ɗaga awartaki, guntun ya zame ya faɗi ƙasa. Ya mayar cikin wuta. Mamuda ya danna da ƙarfi, gumi na zuba daga gemunsa. Ɗinkin fatar dama ya ɓarke daga sama har ƙasa, toka ta tashi ta cika musu ido.

Suka murza ido. Mamuda ya jawo fatar ya juya ta. Ya ga jan gashin da ya rage a gefen wuya. Ya bi tsagar da yatsa. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Na Tukur ne."

Datti ya ajiye awartaki.

"Don wannan ya kiwata su. Kana zaune kana kallo aka tsaga. Ina gefenka." Muryarsa ta tashi. "Kai wane irin mutum ne? In ba za ka kira shi ba, ni ba ka da bakin gaya mini? Ni baƙo ne?"

"Ɗauki garmarka."

"A nemo wasu awakin. In sa a duba Makarfi, a duba Kudan."

"Ko yau aka yanka, kafin a jeme an gama huɗa. Ka sani."

"To a yi aro wurin Musa. Ni zan je, ba kai ba."

"Maƙeri ba ya ba da aron zugazuginsa da damina. Da ni ne, ba zan bayar ba. Kuma ba na aro."

Mamuda ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai yi tsokana, bai samu ba. Ya ɗauki garmarsa gida biyu ya fita.

A cikin makon masu kayan da ke jingine a bango suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yi sallama, ya gaishe shi da ladabi, ya ce zai ɗan duba wani abu ne a jikin garmarsa, ya ɗauka ya tafi. Datti yana zaune yana amsa gaisuwa. Bai hana kowa ba. Musa ya kafa rumfarsa a gabashin ƙauye, kusa da rijiya. Daga gidan Datti ana jin bugun masabarsa tun hantsi.

Datti na da 'yar gona a bayan gari, wadda da can bai damu da ita ba. Bana ita ce abincinsa. Ya shiga huɗa da kansa. A kunya ta wajen tsakiya garma ta ci karo da saiwa, ta tsage daga kunne. Ya ɗaga ta ya duba. Aikin ɗan lokaci ne ga mai wuta.

Ya kwana biyu garmar na ajiye a zaure. Ciyawa ba ta jira shi ba. A rana ta uku ya naɗe ta a tsohon buhu, ya saɓa, ya bi ta tsakiyar ƙauye zuwa gabas.

Rumfar cike take da manoma. Da suka gan shi, hira ta mutu. Musa, mutum mai matsakaicin shekaru, ya ajiye masaba ya fito ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Da ka aiko, ai ni zan zo. Kawo in fara da taka."

Datti ya ce, "Na tarar da mutane."

"To ga wuta, ga masaba. Ka yi da hannunka, mu ma mu gani."

"Maƙerarka ce."

Ya wuce can ƙarshen rumfar, inda inuwa ta ƙare, ya zauna a ƙasa, ya ɗora buhun a cinyarsa. Wani ya matsa masa wuri a inuwa, bai matsa ba. Musa ya koma bakin aiki. Aka gyara ta wannan, aka gyara ta wancan. Rana ta take. Da layi ya zo kansa, Datti ya kwance buhun, ya miƙa garmar da hannu biyu, ya nuna wurin da yatsa.

Ya ce, "Nan ta tsage."